Turkiyya a zauren Turai: tarihin wani dogon jira

Ƴan uwa ɗalibai, ku lura da wannan rana: 3 ga Oktoba 2005. A ranar ce Tarayyar Turai ta buɗe tattaunawar shigar da ƙasashe biyu, Kuroshiya da Turkiyya. Kuroshiya ta shiga a 2013. Turkiyya har yau tana zaure. Mi ya sa?

Neman ya daɗe. Tun 1963 Turkiyya ta sa hannu kan yarjejeniyar Ankara da ƙungiyar kasuwar Turai ta lokacin. A 1987, zamanin Turgut Özal, ta nemi zama cikakkiyar memba. A 1999, a taron Helsinki, aka amince ita ƴar takara ce. Kafin duk wannan, tun 1952 tana cikin OTAN, tana tsaron Turai daga ɓangaren Tarayyar Sobiyet.

Ni a ganina, shugabanni sun yi ta sa hannu a takarda, amma ba su shawo kan talakawansu ba. Binciken jin ra'ayi na Eurobarometer ya sha nuna cewa cikin ƙasashen da ke neman shiga, Turkiyya ce aka fi ƙi. A Ostiriya, a 2006, kusan mutum 8 cikin 10 ba su yarda ba. Can har yanzu ana tuna 1683, shekarar da sojojin Daular Usmaniyya suka yi wa birnin Biyana ƙawanya, kuma ƴan siyasa sun iya taɓo wannan tsohon miki in zaɓe ya matso.

Faransa ma haka. A 2002 tsohon shugaba Giscard d'Estaing ya fito fili ya ce Turkiyya ba ƙasar Turai ba ce, shigarta zai zama ƙarshen Tarayyar. A watan Mayun 2005 Faransawa suka yi watsi da daftarin tsarin mulkin Turai, Holan ta bi bayansu. Maganar Turkiyya ba ta cikin tambayar, amma ta cika bakin masu kamfe. Sarkozy ya ƙi ta ƙiri-ƙiri, Merkel ta Jamus kuma ta ce a yi abota ta musamman, ban da kujera.

To addini ne kaɗai? A'a, kada mu yi gaggawa. Turkiyya na da mutane sama da miliyan 80, kwatankwacin Jamus, ke nan da ta shiga, muryarta a majalisar Turai za ta kasance cikin mafi ƙarfi. Ma'aikaci na tsoron a rage masa albashi, don tun yarjejeniyar 1961 Turkawa ke kwarara Jamus neman aiki. Ga rikicin tsibirin Kuburus, wanda sojojin Turkiyya ke riƙe da arewacinsa tun 1974. Ga kuma kame-kamen da gwamnatin Erdogan ta yi bayan yunƙurin juyin mulki na Yulin 2016. Cikin babi 35 na tattaunawar, 16 aka buɗe, ɗaya tak aka rufe, kuma a 2018 Tarayyar ta ce abin ya tsaya cik.

Sai dai waɗannan duk sharuɗɗa ne da ƙasa ke iya cikawa. Wanda ya ce ko ta cika ba ya so, wani abu ke damunsa, kuma mun san ko minene.

A Maris 2016, da ƴan gudun hijirar Siriya suka yi yawa, Turai ta yi alkawarin yuro biliyan 6 don Turkiyya ta tsare su a ƙasarta. Ana so ana kaiwa kasuwa ke nan: an yarda da ita mai gadi, ba a yarda da ita ƴar gida ba. Yanzu Albaniya da Bosniya, masu Musulmi da yawa amma ƙanana, suna kan layi. Ranar da aka yanke musu hukunci za mu gane ko girman Turkiyya aka ji wa tsoro, ko masallatanta.