Darasin FLHE: Abin da ake koya wa yaranmu a makarantun gwamnati kan balaga da ƙanjamau

Iyaye da yawa a Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan ko Fatakwal sukan tsorata idan yaro ya dawo daga makaranta yana maganar darasin balaga. Wannan darasi shi ake kira FLHE, wato ilimin zaman iyali da kariya daga cutar ƙanjamau. Ga bayaninsa a taƙaice.

Asalinsa

A shekarar 1999 Majalisar Ƙoli ta Ilimi ta Ƙasa ta amince a shigar da ilimin balaga da lafiyar jiki cikin karatun makarantu, saboda yadda ƙanjamau ke yaɗuwa tsakanin matasa. Hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta rubuta manhajar tare da wata ƙungiya ta Legas mai suna Action Health Incorporated. Malaman Musulunci da na Kirista suka ce ba su yarda da wasu sassa ba, sai aka yi mata kwaskwarima, aka fito da ita a 2003 da sunan FLHE. Aka kuma ba kowace jiha dama ta daidaita ta da al'adar mutanenta. Legas na cikin jihohin da suka fara aiki da ita.

Me ke ciki?

Ba darasi ba ne mai zaman kansa. Ana cusa shi ne cikin darussan kimiyya da na zamantakewa, musamman a ƙaramar sakandare. Ana koyar da sauye-sauyen jiki lokacin balaga, al'adar mata da tsafta, hanyoyin kamuwa da ƙanjamau, da yadda yaro zai ce a'a ga mai neman lalata shi. Manhajar ta fi ba da ƙarfi ga kame kai.

Taƙaddamar 2022

A watan Nuwamba 2022, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci NERDC ta cire ilimin jima'i daga manhajar ilimin matakin farko, yana ganin wannan aiki ne na iyaye da malaman addini. Ƙungiyoyin lafiya suka yi ca a kansa, suna cewa yaron da ba a faɗa wa gaskiya ba zai je ya kwaso ƙarya a waya. Tunda yawancin makarantun sakandaren gwamnati na jihohi ne, abin da ake koyarwa ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Me ya sa ya shafe mu?

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar cutar. A Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne, amma a Kudu maso Kudu ya kai 3.1. Yaranmu kuwa a nan Kudu suke tashi.

Sannan akwai camfe-camfen da ke yawo. Sauro ba ya yaɗa ƙanjamau, haka musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Ana kamuwa ne ta jima'i, jini, allura ko askar da mai cutar ya yi amfani da ita, ko daga uwa zuwa jariri. Yarinya na iya ɗaukar ciki a karon farko, kuma shan ruwan gishiri ko kafso ba ya hana shi.

Maganar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala a makarantar ilimi ya san an yi bayanin haila da janaba ɓaro-ɓaro.

Abin da iyaye za su yi

Ka duba littafin kimiyyar yaronka, ka halarci taron iyaye da malamai, ka tambayi wa ke koyar da darasin kuma ko ya samu horo. In ka ga abin da ya saɓa wa tarbiyya ko wanda ba daidai ba a likitance, a kai koke ga shugaban makaranta, zai fi tasiri in an je a ƙungiyance ta hannun Sarkin Hausawa ko kwamitin masallaci. Cire yarinya daga makaranta saboda darasi guda ba mafita ba ce.