Takardun Likita Greenwood da Tarihin Yaƙi da Sanƙarau, Daga Zariya Zuwa Cadi

Duk wanda ya girma a ƙasashen nan namu ya san sanƙarau, ya kuma san lokacinta. Takan ɓullo da hunturu, ta yi ƙarfi da bazara, sa'an nan ta lafa da zarar ruwan sama ya sauka. Yaro zai kwana lafiya, da safe zazzaɓi da ciwon kai su kama shi, wuya ya sanƙare, kafin kwana biyu an rasa shi. Wanda ya tsira kuwa, wani lokaci yakan kurmance har iyakar ransa. A cikin wannan rubutu za mu bi tarihin yaƙin da aka yi da wannan cuta ta hanyar duba takardun da wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya buga tare da abokan aikinsa cikin shekaru fiye da 40.

Annobar farko da likitoci suka rubuta labarinta a Afirka ta Yamma ta auku ne a arewacin Nijeriya a 1905. Daga nan cutar ta riƙa komowa bayan 'yan shekaru. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya tattara rahotannin ƙasashe da yawa, ya buga su a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya nuna cewa annobar tana bin wani ziri ne na ƙasa da ke kudu da hamada, inda damina gajeriya ce, rani kuma dogo. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikin zirin nan, daga Senegal har Habasha. Nijar, Cadi, arewacin Nijeriya, arewacin Kamaru da arewacin Ghana duk suna ciki.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san al'adar likitoci masu bincike. Idan sun gwada magani, sukan rubuta yawan marasa lafiyar da suka duba, da abin da suka ba su, da waɗanda suka warke, da waɗanda suka mutu. Sai su aika wa mujalla, waɗansu masana su tantance kafin a buga. Ta haka likitan da ke Yamai yakan amfana da abin da aka gani a Zariya, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. An haifi Greenwood a 1938, ya zo asibitin koyarwa na Ibadan a 1965, ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1970, inda ya yi shekara 10. Ya buga takardu ɗaruruwa, da yawa a kan zazzaɓin cizon sauro, amma na sanƙarau kaɗai za mu duba.

Tambaya ta farko da takardunsa suka amsa ita ce, yaya za a gane cutar da sauri? A lokacin sai an ɗebi ruwan gadon bayan majiyyaci, a rena ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, a jira kwana ɗaya ko biyu. A 1971 shi da Hilton Whittle da wani abokin aikinsu suka buga a mujallar Lancet wata hanya ta gano alamar ƙwayar a cikin ruwan ta amfani da wutar lantarki, ba tare da dogon jira ba. Hanyar tana kuma nuna jinsin ƙwayar, gama ƙwayar sanƙarau jinsi jinsi ce, ana kiransu da haruffa kamar A, C da W. Jinsin A shi ne ya jawo yawancin manyan annobobin zirin nan.

Tambaya ta biyu ita ce ta magani. Maganin salfa da aka daɗe ana dogara gare shi ya riga ya daina cin ƙwayar. A 1973 likitocin Zariya suka buga sakamakon gwajin da ya nuna kloramfenikol yana aiki daidai da fenisilin, ga shi da araha, kuma kwana 5 sun isa ga yawancin majiyyata. Amma a 1977 annoba ta faɗa wa Zariya, aka kwantar da mutum fiye da 1,200 cikin wata 3, yawancinsu yara 'yan shekara 5 zuwa 14. A irin wannan hali, ina ma'aikatan da za su bi kowane majiyyaci da allura sau da yawa a yini? Saboda haka aka nemi allura guda wadda za ta daɗe a jiki tana aiki.

A 1979 aka buga takardu biyu a jere a kan wannan. Ta farko ta gwada fenisilin mai daɗewa. Yawancin majiyyata sun warke, amma an tarar da ƙwayar da rai a ruwan gadon bayan waɗansu bayan kwana 2 ko 3, sai marubutan suka faɗa a fili cewa ba za a dogara ga allurar gaba ɗaya ba. Ta biyu, wadda sunan Dokta S. S. Wali ke kan gaba a cikinta, ta gwada kloramfenikol da aka haɗa da mai, ta kuwa yi kyau. Likitocin Faransa ma sun gwada wannan allura a ƙasashen da ke amfani da harshensu. A 1991 wani gwaji da aka yi a Bamako da Yamai ya ƙara tabbatar da ita, ta zama maganin annoba a ƙauyuka shekaru da yawa. A 2005 kuma wani bincike daga Nijar ya nuna allura guda ta seftiriyazon tana yin aiki iri ɗaya. Abin lura a nan shi ne, an buga wadda ta gaza kamar yadda aka buga wadda ta yi nasara, domin kada wani likita ya sāke hasarar lokaci da rayuka a kanta.

Tambaya ta uku, me ya sa cutar ke bin rani? Bincike ya nuna mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro, lafiyarsu kalau, suna kuwa ba waɗansu ta numfashi da tari. A takardar da suka buga a 1984, Greenwood da abokansa suka bayyana cewa ƙwayar ba ta daina yawo tsakanin mutane da damina. Abin da ke ƙaruwa da rani shi ne yawan waɗanda ƙwayar ke ratsa maƙogwaronsu ta shiga jini. Ra'ayinsu shi ne, busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe wa ƙwayar ƙofa. Darasin da ke ciki babba ne: rigakafin da zai kashe annoba sai ya kori ƙwayar daga maƙogwaron masu lafiya.

Rigakafin da ake da shi a lokacin bai iya wannan ba. Takardun Zariya na 1978 da 1980 sun nuna yana kāre 'yan gidan majiyyaci da mutanen ƙauyen da cutar ta shiga. Sai dai ƙarfinsa yakan ragu cikin 'yan shekaru, musamman ga ƙananan yara, don haka akan jira sai annoba ta tashi kafin a kawo shi. Greenwood ya koma Gambiya a 1980, ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta can shekara 15. A nan ne aka gwada wa jarirai sabon irin rigakafi, wanda aka ɗaure ɓawon ƙwayar da wani furotin domin jiki ya daɗe yana tunawa da ita, aka buga sakamakon a 1995. Amma kamfanoni ba su ga riba a yi wa matalauta shi ba. A 1996 da 1997 annoba mafi girma ta ratsa zirin, mutum wajen 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka mutu. A Nijeriya kaɗai fiye da 11,000 suka rasu a 1996. A 2006 Greenwood ya rubuta sharhi yana tambaya ko wani abu ya sāke cikin shekara 100.

Amsar ta zo daga hannun waɗansu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri a 2001, wani kamfanin Indiya mai suna Serum Institute ya yi rigakafin MenAfriVac a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. Aka fara shi a Burkina Faso a watan Disamba na 2010, tare da Mali da Nijar. Aikin Greenwood, wanda a lokacin yake Landan, shi ne jagorantar binciken maƙogwaro a ƙasashe 7, har da Nijar, Nijeriya, Ghana da Cadi.

A Cadi ne aka sami shaida mafi ƙarfi. A Disamba na 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8, 'yan shekara 1 zuwa 29, allura a Njamena da jihohi biyu na kusa da ita, alhali annoba tana ci a sauran ƙasar. A ranin 2012 yawan masu kamuwa a inda aka yi allurar ya gaza na sauran wurare da kashi 94 cikin 100. A wata karkara kusa da Njamena, kafin allura an sami jinsin A a maƙogwaron mutum 32 cikin 4,278. Bayan allura sai mutum 1 cikin 5,001. Lancet ta buga wannan a 2014, sunan likita ɗan Cadi, Dokta Daugla, yana kan gaba. Abin da aka yi ta nema tun zamanin Zariya ke nan.

Tun bayan 2017 ba a sāke tabbatar da jinsin A a zirin ba, amma sanƙarau ba ta ƙare ba. Jinsin C ya yi ɓarna a Nijar a 2015, da Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabon rigakafi mai kāre jinsi 5, Nijar kuma ta bi bayanta.

Dukan takardun nan daga littafin asibiti suka fara, inda wani ma'aikaci ya rubuta shekarun yaro da ranar da aka kawo shi. Har yanzu haka abin yake: idan gunduma ta kai mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, ana ɗaukarta ta shiga annoba, a aiko da rigakafi. Yaron da aka ɓoye a gida ba ya shiga lissafin nan, shi bai sami magani ba, maƙwabtansa kuma taimako ya yi musu jinkiri. Saboda haka, iyaye, in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da sanƙarar wuya, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.