Daga Kano Zuwa Jidda: Jiya Da Yau



Lokacin jigilar alhazai, kina tsakar gida kina tankaɗe, a Darmanawa kike ko Gyaɗi-Gyaɗi, sai ki ji ƙugin jirgi can sama, yara su ruga suna ɗaga masa hannu. To, kin taɓa tambayar nisan da zai ci kafin ya sauka?

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, wato ya ninka nisan Kano zuwa Zariya fiye da sau 20. Jirgi yakan cinye shi cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Sai dai agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, don haka wadda ta tashi ƙarfe 8 na safe za ta sauka ta tarar agogonsu ya doshi ƙarfe 3.

Kakanninmu fa a ƙafa da jakuna suka yi wannan tafiya. Su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su isa Hartum, sannan Sawakin, inda ake tsallake Bahar Maliya a jirgin ruwa. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara, a ƙara gaba. Shekaru ake yi. Mace takan bar gida da goyo, ta ga Ka'aba yaron yana kiwo. Wata a hanya take haihuwa, wata a hanya ake binne ta. Shi ya sa ake yafe wa juna kafin a tashi, kamar ba za a sake ganawa ba. Da yawa kuwa ba su dawo ba, suka zauna a Sudan. Garin Mai Wurno shaida ne: ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da jama'arsa, bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a watan Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila guda 3 da suka taso daga Masar. A 1936 aka fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, amma sai a shekarun 1950 alhazanmu suka soma tafiya ta sama sosai.

Nisan yana nan yadda Allah Ya ajiye shi, wahalar ce aka rage mana. Saboda haka, 'yar uwa, in Allah Ya kira ki, aka yi jinkirin tashi kika kwana biyu a sansanin alhazai, ki tuna da matan nan, ki sa su a addu'a. Wadda ba ta je ba kuma, Allah Ya kai ta.

Sai mako mai zuwa, in muna da rai. Ku huta lafiya.