Shawara: suna ɗaya, ƙofa uku

 A da, in idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, sai a ce shawara ce, a jiƙa masa saiwa. To amma a shekaru sittin ɗin nan likitoci sun gano cewa cututtuka ne daban-daban, kowace da ƙofar da take bi ta kai ga hanta. Bari mu bi sawunsu.

Ƙofa ta farko abinci. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar garin ƙulin gyada da aka kawo daga Barazil ne ya yi fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da wata guba da aka raɗa wa suna aflatoksin. Daga baya aka tabbatar tana jawo wa mutum kansar hanta. Kai mai safarar hatsi, buhun gyada ko masarar da ya sha danshi a sito, wannan gubar yake tarawa, kuma dafuwa ba ta kashe ta. In ka ba saniya, tana iya fitowa a nono.

Ƙofa ta biyu jini. A 1965 wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, ya ga wata baƙuwar alama a jinin wani ɗan asalin Ostireliya. Ita ta kai ga gano ciwon hanta nau'in B. Yana bin haihuwa daga uwa zuwa jariri, yana bin askar wanzami da allurar da aka yi wa mutum biyu, yana bin saduwa. Mugun halinsa shi ne shiru. Kai makiyayi ka san saniyar fadama: tana tafe sumul, sai an yanka mahauci ya nuna maka hanta duk tsutsa. Haka B yake zama shekara ashirin ko talatin ido fari tas, sai ranar da ciki ya cika da ruwa, ko a yi aman jini.

An sami rigakafinsa a 1981. A 1986 Gambiya ta fara babban aikin yi wa jarirai. Najeriya ta sa shi cikin allurar yara a 2004, Nijar a 2008. To, ɗan'uwa, yi lissafi: in an haife ka kafin nan, da wuya a ce ka samu.

Nau'in C shi ma jini yake bi, a 1989 aka gano shi. Masar ta fi kowa ɗanɗana kuɗarsa, domin allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa mutanen karkara da sirinji ɗaya ita ta baza shi. Amma daga 2013 aka sami ƙwayoyin da ke warkar da shi cikin wata uku, kuma a 2018 Masar ta tashi gwajin jama'arta gari-gari, ta yi wa miliyoyi magani. Ka tuna da wannan in mai allurar kasuwa ya ɗauko tsohon sirinji.

Ƙofa ta uku ruwa. A 2017 nau'in E ya ɓarke a jihar Diffa, inda 'yan gudun hijira suka taru ga ƙarancin ruwa mai tsabta. Mata masu ciki ya fi kashewa.

Me tarihin nan yake gaya maka? Kada ka jira ido ya sake launi. Ranar kasuwa, ko a Konni kake ko Illela, ko Jibiya ko Maigatari, ka ratsa asibiti a gwada jininka. In babu, ka karɓi rigakafi, allura uku ce. In akwai B, ba ƙarshen duniya ba ne fa: likita zai duba ko kana bukatar magani, akwai ƙwaya irin tenofobir da ake sha kullum, ba ta fitar da cutar amma tana danne ta. Ka bar giya, ka bar jiƙe-jiƙen da ba ka san haɗinsu ba, ka daina ɗirkar farasitamol. A gwada iyali, jariri kuma a yi masa allura cikin awa 24 da haihuwa.

Mai B kuwa, kada a ware masa ƙwarya. Ba a ɗauka ta fura ko gaisawa. Aska dai kowa da tasa.

Allah Ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.