Sanyin Ruwa a Mashigin San Faransisko

Mashigin San Faransisko, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wuri ne da ruwan kogunan Sakramento da San Wakin ke gauraya da ruwan gishiri na tekun Fasifik ta mashigar Golden Gate. Masu iyo sun san shi da sanyi. A kusa da birnin San Faransisko, zafin ruwan yakan sauka zuwa wajen digiri 10 na ma'aunin Salshiyas a watan Janairu, ya hau zuwa wajen 16 a Satumba.

Lokacin shekara kaɗai ba ya isa a san halin ruwan. Sau biyu a kowace rana teku yakan cika ya janye. Da bazara, cikar teku tana turo ruwa mai sanyi da ya taso daga ƙasan Fasifik, janyewarsa kuma ta fito da ruwan da rana ta ɗumama a wurare marasa zurfi. Da hunturu abin yakan juya, domin ruwa marar zurfi ya fi saurin yin sanyi.

Masu ƙetarawa da iyo daga tsibirin Alkataraz da ke cikin mashigin zuwa birnin, tafiyar kusan kilomita biyu, sukan duba jadawalin cikar teku kafin su shiga. Tun 1877 aka kafa ƙungiyar Dolphin Club, wadda mambobinta ke iyo a nan duk shekara.