Salati da kwaɗo kafin tuwo: abin da suke yi wa sukarin jini

A bakin mutanen Dakoro, salati suna ne na ganyen da kansa, kuma suna ne na haɗin da ake yi da shi: ganyen salati, tumatir, albasa, wani lokaci da shu, wato kabeji, da karoti da kokwamba, a yayyanka su ɗanye a zuba mai da ɗan gishiri. Kwaɗo ya girme shi nesa ba kusa ba. Tun kafin irin salati ya iso ƙasar Hausa, mata suna kwaɗa zogala da rama da yaɗiya da tafasa da garin ƙuli-ƙuli. Faransawa suna ajiye ɗanyen kayan lambu a farkon cin abinci, suna ce masa « crudités », kuma wannan tsari na fara ci da ganye shi ne likitocin ciwon sukari suka mayar da hankali a kansa a shekarun nan. Abin da suka gano mai sauƙi ne: kwanon tuwo ɗaya yana ɗaga sukarin jini iri biyu, ya danganta da abin da ya riga shi shiga ciki.

Girman matsalar

Ana cewa mutum yana da ciwon sukari idan aka auna jininsa da safe, kafin ya ci komai, aka samu giram 1,26 ko fiye a cikin lita, aka kuma sake aunawa wata rana aka samu haka. Binciken STEPS da Nijar ta gudanar a 2007 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya samu ciwon a jikin kashi 4,3 cikin ɗari na manya. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa, ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta manya miliyan 24 a 2021, fiye da rabinsu ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Mutum yakan yi shekaru yana fama da yawan ƙishirwa, da yawan fitsarin dare, da gyambon da ya ƙi warkewa, yana ɗora laifin a kan zafin gari.

Yadda abin yake aiki a cikin jiki

Hatsi, dawa, masara, shinkafa, garin rogo da burodi, mafi yawan abin da ke cikinsu sitaci ne. Hanji yana narka sitaci ya mayar da shi sukari, sukarin ya shiga jini, sinadarin insulin ya tura shi cikin tsoka. Mai ciwon sukari insulin ɗinsa bai isa ba, ko kuma jikinsa ya daina jin maganarsa, sai sukarin ya taru a jini. Gwargwadon yadda aka surfe hatsi aka fitar da dusa, aka niƙa shi ya yi laushi, aka dafa shi ya yi liɓis, haka yake saurin zama sukari. Kunu mai sukari a ciki wanda ba kowa ya fi komai sauri.

Ɗanyen kayan lambu yana taimakawa ta fuska biyu. Ta farko, shi kansa ba ya ɗauke da sitaci ko sukari mai yawa. A cikin giram 100, ganyen salati yana da kusan giram 3, tumatir da kokwamba kusan 4, shu kusan 6, albasa da karoti 9 zuwa 10. Dafaffiyar shinkafa tana da kusan 28, burodi kusan 50. Ta biyu, ganye yana da zare-zaren da hanji ba ya narkawa, wanda likitoci ke kira fibir. Shi wannan zaren, tare da mai da sinadarin gina jiki da ke cikin ƙuli-ƙuli, yana rage saurin da tumbi ke sakin abinci zuwa hanji. Tuwon da ya biyo baya sai ya shiga jini a hankali. Tsami ma yana da nasa aikin: ruwan lemun tsami da binegar suna rage ƙarfin sinadarin da ke cikin miyau wanda yake fara narka sitaci tun a baki.

A 2015 likitocin jami'ar Weill Cornell da ke New York, a Amurka, sun gwada wannan a kan mutum 11 masu ciwon sukari nau'i na biyu. Sun ba su abinci iri ɗaya sau biyu, mako guda tsakani. Rana ɗaya suka fara da burodi da ruwan lemu, bayan minti 15 suka ci salati da ganye da naman kaza. Ɗaya ranar aka juya tsarin. Ranar da ganye da nama suka riga shiga, sukarin jini ya yi ƙasa da kusan kashi 29 cikin ɗari bayan rabin awa, da kashi 37 bayan awa ɗaya. Mutum 11 ba su da yawa, kuma akwai nama a cikin kwanon, sai dai masu bincike a Japan, ciki har da Saeko Imai, sun samu sakamako mai kama da haka da ganye kafin shinkafa. A gidan da kaza ba ta kullum ba ce, ƙuli-ƙuli ko dafaffen wake su ne ke tsaya wa nama.

Haɗi

Kwanon mutum ɗaya ba ya buƙatar kaya da yawa: ganyen salati ko yankakken shu cikin hannu biyu, tumatir ɗaya, rabin albasa, gurji ko kokwamba ɗaya, tattasai ɗanye in akwai. A daka ƙuli-ƙuli cokali biyu, a dama shi da ruwa mai tsabta kaɗan, a matse rabin lemun tsami, a zuba man gujiya cokali ɗaya da ɗan yaji, a juya. Kwano irin wannan yakan kai giram 200, wato rabin giram 400 na ganye da ƴaƴan itace da OMS ke so babba ya ci kowace rana. Dankali da rogo ba sa cikin wannan lissafi.

Shu ya fi salati dacewa da gari irin Dakoro. Yana jure tafiya a bayan mota, yana kwana biyu ko uku a inuwa bai yi yaushi ba, kuma ya fi riƙe ciki. A yanka shi siriri, a murza shi da lemun tsami, a bar shi minti goma ya saki jiki. Karoti kuwa an daɗe ana tsoratar da masu ciwon sukari da shi saboda zaƙinsa, alhali ɗanyen karoti guda ɗaya a cikin kwano ba abin damuwa ba ne. Yalo ana cinsa yadda yake, ko a dangwala da yajin ƙuli. Wanda ya gaji da ƙuli-ƙuli ya soya riɗi sama-sama ya daka, ya yi amfani da shi a madadinsa.

Kwaɗon zogala ba ɗanye ba ne gaba ɗaya. Ana tafasa ganyen, a tsame, a matse, sannan a haɗa shi da ɗanyar albasa da tumatir da ƙuli-ƙuli. Haka rama da tafasa da yaɗiya. Rama ma tana zuwa da tsaminta, ba ta neman lemu. Dahuwar ba ta kashe zaren ganye, don haka amfaninsa ga sukarin jini yana nan, abin da ke raguwa idan aka daɗe ana tafasawa shi ne bitamin C. Wake kuwa dole a dafa shi, rogo mai ɗaci kuma ba a cinsa ɗanye ko kaɗan, don yana da guba.

Inda ake yin ɓarnar shi ne wajen ƙari. Da zarar an zuba garin rogo a cikin kwaɗo, ya tashi daga abin buɗe ciki ya koma babban abinci. Dambun zogala ma haka yake: tsakin masara ko na shinkafa shi ne gindinsa, a lissafa shi a matsayin tuwon ranar, kada a ci shi sannan a ci tuwo. Salatin biki kuwa, wanda ake jera wa dankalin turawa da makaroni da betarab, a lulluɓe da mayonez, a kawo shi da rabin sandar burodi da lemun kwalba, sunan salati kawai ya rage masa. Mayonez ba sukari ne ya yi masa yawa ba, mai ne, kuma ƙiba tana cikin manyan abubuwan da ke hana insulin aiki. Ƙuli-ƙuli ma a ɗanɗana kafin a saya, akwai wanda ake sa wa sukari. Wanda ke warin fumfuna ko yake ɗaci a bar shi: gujiyar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar afalatoksin, mai lalata hanta.

Sai gishiri. Ciwon sukari da hawan jini sukan zauna gida ɗaya, kuma OMS ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Idan lemun tsami da albasa da yaji sun ji, ɗan ɓantare ya isa.

Wanki

Ganyen da ba a ɗora a wuta ba yana zuwa da duk abin da ya taɓa: ruwan ban-ruwa, takin dabbobi, ƙurar hanya, hannun mai talla da ruwan da yake yayyafa masa don kada ya yi yaushi. Ta nan zazzaɓin taifot da atuni da tsutsar ciki ke shiga. Jihar Maraɗi ba ta manta da kwalarar 2018 ba, wadda ta faro daga gundumar Madarumfa a watan Yuli ta kama dubban mutane. Ga mai ciwon sukari, amai da zawo sun fi haɗari, domin ƙarancin ruwa a jiki yana hargitsa sukarin jini cikin ƴan awoyi.

A fara wanke hannu da sabulu. A cire ganyen waje na salati da na shu a zubar, a ɓalle sauran ɗaya bayan ɗaya, a wanke ƙasar da ruwan sha. Sannan a jiƙa su kamar minti 15 a cikin ruwan da aka ɗiga wa jabel marar turare, ko aka sa wa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, a ɗauraye. Ƙarfin jabel ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka a bi abin da ke rubuce a jikinta, ko a tambayi ma'aikacin lafiya na CSI. Gishiri da binegar suna rage ƙwayoyin cuta amma ba sa gamawa da su. Karoti da gurji a fere su bayan wanki. Wuƙa da farantin da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa ganye. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, salatin da aka haɗa ya wuce awa biyu a waje ba na ci ba ne. Ranar da ruwa mai tsabta ya yi wuya, kwaɗon dafaffen ganye ya fi aminci.

Lokaci da kasuwa

Dakoro tana kusan kilomita 120 arewa da Maraɗi, a bakin iyakar noma da kiwo, inda damina gajera ce. Kayan lambu da yawa daga nesa suke zuwa: daga gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Jiratawa, da kuma ƙasan kwarin Tarka wajen Madawa, tare da albasar Galmi da ta yi suna har ƙasashen bakin teku. Noman rani ya bunƙasa a Nijar ne bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a ga lambuna, kuma har yau kalandarsa ce ke tsara kasuwa. Daga Disamba zuwa Maris salati da shu da tumatir suna araha. Da bazara sai su yi tsada ko su ɓace, a koma ga busasshiyar zogala, wadda ake jiƙawa a tafasa, da albasa. Da damina daji yana bayar da tafasa da gasaya da yaɗiya, gona kuma ta bayar da gurji da rama.

Iyakarsa

Salati da kwaɗo ba sa warkar da ciwon sukari, zogala ma haka, duk da abin da masu tallar garinta ke faɗa a tasha. Gwaje-gwajen da aka yi da ita a jikin mutane ƙanana ne, ba su kai a ajiye magani saboda su ba. Kwanon ganye kuma ba ya goge kofi uku na shayi mai sukari, ko furar da aka dama da sukari cokali huɗu. Amfaninsa yana fitowa ne idan ya sa aka rage malmalar tuwo, ba idan an ɗora shi a kan wadda aka saba ci ba.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwaya irin gilibenkilamid, idan ya ci ganye kaɗai ya tsallake tuwo, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da giram 0,70: zufa, rawar jiki, jiri, har suma. A irin wannan hali sukari ko zuma ake ba shi nan take, idan yana iya haɗiya. Da azumi ma, salati bayan dabino da ruwa, kafin kunu da shinkafa, tsari ne mai kyau, amma batun yin azumin da sauya lokacin magani na likita ne. Wanda ciwon ya taɓa masa ƙoda ya nemi shawara kafin ya yawaita tumatir da ganye, saboda sinadarin potasiyom.

Mai na'urar auna sukari a gida yana iya gwadawa da kansa. Yau ya ci tuwonsa yadda ya saba, ya auna bayan awa biyu. Gobe, a lokaci ɗaya, ya fara da kwaɗo, ya jira minti goma zuwa 15, ya ci tuwo daidai na jiya, ya sake aunawa. Likitoci galibi suna son adadin ya tsaya ƙasa da giram 1,80. Ya rubuta lambobin biyu a takarda, ya tafi da su ranar da zai ga likita a asibitin gunduma.