Kwamin wanke-wanke na madafa: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

Masu sauraro da dama, na ƙauye da na ƙasashen waje, suna aiko da tambaya kan kwamin wanke-wanke da ake kafawa a madafa, wanda mutanen Yamai suka fi kira ebiye. Galibi ɗan'uwa ne ya turo kuɗin gyaran gida, a aiki yaro shagunan kewayen Petit Marché ko kasuwar Katako, ya zaɓo wanda ya fi ƙyalli. To jama'a, ba da ƙyalli ake zaɓe ba. Girman tukunyar gida da hanyar da ruwan datti zai bi, su ne ke faɗin wanda za a saya.

Fara da tukunya

Yawancin kwamin da ake shigowa da su an ƙera su ne don faranti da kofi. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha, ko ake wanke buhun ganye da kifin kogi, buƙatarsa daban ce. A auna faɗin babbar tukunyar gida, a tafi kasuwa da awon. Rami ɗaya mai faɗi, mai zurfin santimita 20 ko kusa da haka, ya fi ƙananan ramuka biyu da tukunya ba ta shiga. Tsayin teburin daga ƙasa a kan sa shi santimita 85 zuwa 90, amma a tambayi uwargida, don bayanta ne zai yi ciwo in an yi kuskure.

Irin ƙarfen

Wanda aka fi samu shi ne na inokis, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Shi ma iri-iri ne. Mai lamba 304, wanda wani lokaci ake rubuta masa 18/8 ko 18/10, shi ya fi jure ruwa da gishiri. Masu lamba 201 da 430 sun fi araha, sun kuma fi saurin yin tabo. Wasu kan gwada da maganaɗisu: in ya manne sosai, to ba 304 ba ne. Sai dai rashin mannewa ba shaida ba ce, domin 201 ma ba ya kama maganaɗisu. A nemi lambar a jikin kwamin ko a kwalinsa.

A danna gindinsa da babban yatsa. In ya lotsa, ya yi ƙara kamar gwangwani, siriri ne, tukunyar ƙarfe za ta lanƙwasa shi. Kaurin milimita 0,8 zuwa 1 ya fi dacewa. Na tangaran yana da kyau a ido, amma turmi ko tukunya ɗaya ta faɗa ciki, ya tsage. A ƙauye kuwa, kwamin siminti da magini ya gina, aka liƙa masa karo, yana yin shekaru, kuma ana yin sa daidai girman da ake so.

Ina ruwan zai tafi?

Nan ne aiki ya fi lalacewa. A ƙarƙashin kwami dole a sa sifon, wato lanƙwasasshen tiyo mai riƙe ɗan ruwa, wanda ke hana wari da kyankyasai hawowa. Tiyon fitar ruwa ya zama mai faɗin milimita 40, da gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Ƙarshensa ya shiga ramin ruwan datti mai murfi a cikin gida. In aka sake shi a titi, ruwan zai kwanta, sauro ya hayayyafa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga rigima da maƙwabta.

Toka da yashin da ake goge baƙin tukunya da su suna toshe sifon, haka ma kitsen nama, musamman lokacin babbar salla. A yi wannan gugar a tsakar gida, a kawo ɗauraya kawai cikin kwami. Kada a bar ruwan jabel ya kwana a cikin inokis, yana cin ƙarfen.

Ga 'yan'uwa na waje

Wanda zai aiko da kwami daga Amurka ya sani tiyonsu da inci ake auna shi, ba ya hawa daidai da na nan mai milimita. Na Faransa ya fi dacewa. Sau da yawa turo kuɗin ya fi sauƙi, tare da sharaɗin mai gyaran famfo ya raka mai saye kasuwa. A tabbatar an haɗo da rariyar baki, sifon da robobin hana yoyo a cikin ciniki, kuma kada magini ya yanke teburi sai kwamin ya iso gida.